MAƘWAƘWAFI, MASASSAƘIN DAWA

Jawabi ga manoma da makiyaya da masu saran itace na ƙasar Dutse da kewayenta

 

Jawabin yau a kan wani ɗan tsuntsu ne. Kowa ya taɓa jin aikinsa, ko da bai taɓa ganinsa ba. In mutum ya yi sammako zuwa gona, ya bi ta gindin wani tsohon gawo, yakan ji ana bugun itace, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai ya ce ko wani ne ke sassaƙa. Ya ɗaga kai, ba kowa. To, wannan mai bugun shi ne maƙwaƙwafi.

Wasu manoma na jin haushinsa. Suna cewa shi ke huda itatuwa har su mutu. Yara kuma na bin sa da danƙo. Saboda haka ya kamata a zauna a dubi tsuntsun nan da kyau. Mene ne abincinsa? Me ya sa yake bugun itace? Ɓarna yake yi wa manomi, ko taimako? In an san amsa, sai a san yadda za a zauna da shi.

SUNANSA DA DANGINSA

Daga aikinsa ya sami suna. Mai ƙwaƙwafa abu shi ne maƙwaƙwafi. Danginsa na da yawa. Masana sun ƙidaya iri fiye da 200 a duniya. Akwai su a Afirka da Asiya da Turai da Amurka. Amma babu su a Ostireliya, babu su kuma a tsibirin Madagaska. Wasu manya ne, sun kusa hankaka. Wasu ƙanana ne, ba su kai gwara ba.

Yawancinsu abu guda suke nema, wato itace. Sun fi son tsohon itace mai busasshen reshe. A jikinsa suke ci, a cikinsa suke kwana, a cikinsa suke haihuwa. Ƙasar da ba ta da manyan itatuwa ba a cika samun maƙwaƙwafi a cikinta ba.

IRE-IRENSA A JIHAR JIGAWA

Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, tana tsakanin ƙasa iri biyu. Kudancinta, wajen Birnin Kudu da Gwaram, ya fi samun ruwan sama da itatuwa. Arewacinta, wajen Maigatari da Gumel, ya fi rairayi da ƙaya. Dutse da Kiyawa da Jahun suna tsakiya. Ga manyan ire-iren maƙwaƙwafi na irin wannan ƙasa.

Na farko shi ne mai launin toka. Shi aka fi gani. Tsawonsa kamar santimita 20, wato kimanin taƙi guda. Kansa da ƙirjinsa toka-toka ne, bayansa kore-kore mai sirkin rawaya. In ya tashi, akan ga ja a gindin wutsiyarsa. Namijin yana da ja a tsakar kai, kamar ya sa jar dara. Macen ba ta da wannan ja a kai. Ba ya gudun mutane sosai. Yana shiga gonaki da lambuna, har cikin gari in akwai manyan itatuwa.

Na biyu shi ne mai ɗigo-ɗigo. Ya ɗan ɗara na farko girma. Bayansa kore-kore ne, ƙirjinsa fari-fari mai ƙananan baƙaƙen ɗigo, kamar an yayyafa masa tawada. Namijin yana da jar hula, da wani jan zane a gefen baki kamar gashin baki. Wannan yana yawan sauka ƙasa, domin tururuwa da gara su ne babban abincinsa.

Na uku shi ne ɗan ƙaramin nan na ƙasar ƙaya. Tsawonsa kamar santimita 13, bai fi gwara ba. Bayansa toka-toka ne mai ratsin fari, shi ma da ja a gindin wutsiya. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a yankin Sahel, tun daga Sanagal, ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi, har Sudan. Yana son itatuwa masu ƙaya, irin su aduwa da gawo da danginsu. Ganinsa na da wuya, domin ƙarami ne, kuma ba shi da yawa. Wanda ya gan shi a gonarsa, ya ga abin da mutane kan biya kuɗin jirgi su zo kallo.

Suna da 'yan'uwa a kurmi. A dazuzzukan kudancin Nijeriya akwai wani ƙarami mai launin ganye. Shi sau da yawa ba ya wahalar huda itace. Gidan gara ko na tururuwa da ke manne a bishiya yake faƙewa, ya yi ɗaki a ciki. A kurmin Kamaru da Gabon da Kwango kuma akwai autansu a Afirka. Tsawonsa kamar santimita 9 kawai. Wutsiyarsa gajeruwa ce, a siraran rassa da igiyoyin kurmi yake kiwo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma sana'ar gidan ɗaya ce.

KAYAN AIKINSA

Masassaƙi ba ya fita sai da gatari da gizago. Maƙwaƙwafi kuwa da kayan aikinsa aka halicce shi. Guda biyar ne.

Na ɗaya, baki. Bakinsa miƙaƙƙe ne, mai ƙarfi, mai kaifi a tsini. Kullum yana cinyewa wajen aiki, kullum kuma yana tsirowa, kamar farcen mutum. Saboda haka ba ya bukatar a kai shi maƙera.

Na biyu, ƙafa. A dubi ƙafar kaza, yatsu uku ne gaba, ɗaya baya. Ta maƙwaƙwafi kuwa biyu gaba, biyu baya, kowane da farce mai lanƙwasa. Da su yake damƙe ɓawon itace. Shi ya sa yake hawa miƙe, har ya bi ta ƙarƙashin reshe bai faɗo ba.

Na uku, wutsiya. Gashin wutsiyarsa ƙaƙƙarfa ne. In ya manne a jikin itace, sai ya tokare da ita. Ƙafa biyu da wutsiya sun zama uku ke nan, kamar duwatsun murhu. Wanda ya taɓa ganin mai hawan dabino a Dutse ya san amfanin madogari ga mai aiki a sama.

Na huɗu, harshe. Wannan shi ne babban abin mamaki. Harshensa dogo ne ƙwarai, yana zarce bakinsa nesa. Ina yake ajiye shi? Tushen harshen yana haɗe da wani siririn ƙashi mai lanƙwasuwa. Ƙashin ya bi ta bayan kai, ya zagayo ta saman ƙoƙon kai, ƙarƙashin fata. In tsuntsun ya so, sai ya turo harshen waje, in ya gama ya janye. A tsinin harshen akwai 'yan ƙayoyi, ga kuma yawu mai danƙo kamar ƙaro. Da zarar harshen ya taɓa tsutsa ko tururuwa, ta kamu.

Na biyar, kai. Tambayar da kowa ke yi ita ce, ba ya ciwon kai? Wasu irinsu kan buga itace har sau 20 kafin a ƙirga daƙiƙa ɗaya. Shekara da shekaru masana na zaton akwai wani abu kamar katifa a cikin kansa, mai rage ƙarfin bugu. A 2022 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin wani malami na Jami'ar Antwerp a ƙasar Beljiyam, suka ɗauki hoton tsuntsayen da na'ura mai saurin gaske. Sai suka ga ba haka ba ne. Kai da baki tare suke tafiya, kamar guduma da ƙotarta. Da akwai katifa a tsakani, da ƙarfin bugun ya lalace a banza. Abin da ke tsare shi, ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, marar nauyi. Misali, in tururuwa ta faɗo daga kan kuka, tashi take yi ta wuce. In ƙato ya faɗo, sai an nemi maɗori.

Ban da waɗannan, akwai 'yan gasu da suka rufe ƙofar hancinsa, don kada garin itace ya shiga. Akwai kuma wata siririyar fata da ke rufe idonsa daidai lokacin da zai kai sara.

Ko a sama ana gane shi. Ba ya tashi sambal kamar kurciya. Yakan kaɗa fiffike ya yi sama, ya naɗe ya yi ƙasa, ya sake kaɗawa. Haka zai yi ta yi har ya kai itace na gaba.

ABINCINSA

Maƙwaƙwafi ba ya cin itace. Ba ya kuma sauka a kan zangarniyar gero ko dawa. Tsuntsun da ke cinye wa manomi hatsi shi ne jan-baki da ire-irensa, masu zuwa garke-garke. Abincin maƙwaƙwafi ƙwari ne: tsutsar itace, da gara, da tururuwa, da ƙwansu, da ƙananan ƙwarin da ke ɓuya a bayan ɓawo.

Ga yadda tsutsar itace ke samuwa. Akwai ƙwarin da ke saka ƙwai a tsagar ɓawo, ko a inda aka ji wa itace rauni. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Ta kama ci tana shiga ciki, tana yin hanya. Daga waje ba a ganin komai, sai ɗan garin itace da ke zubowa a gindi. Takan daɗe a ciki tana ɓarna kafin ta zama ƙwaro ta fito, ta je ta saka nata ƙwan.

Maƙwaƙwafi yakan faro daga ƙasan itace ya yi sama. Yana tafe yana ƙwanƙwasawa, yana dubawa. Kamar mai sayen tukunya ne a kasuwar Shuwarin, da ya ƙwanƙwasa ya san mai tsaga. In tsuntsun ya gane akwai rami a ciki, sai ya tsaya ya sara. Ya kai ga hanyar tsutsa, ya zura harshe, ya jawo ta. Haka yake wuni, tun hantsi har faɗuwar rana. In yana da 'ya'ya, aikin ya ninku.

SHIN SHI KE KASHE ITACE?

Manomi ya zo ya tarar da mangwaronsa ya bushe. Ya duba ya ga ramukan maƙwaƙwafi a jiki. Sai ya ce ga wanda ya kashe shi. A nan ake yin kuskure.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciwo ne ke fara kama itace. Ko fari, ko wutar daji, ko saran gatari, ko sassaƙen masu magani. Daga nan ƙwari da ruɓa su shiga. Maƙwaƙwafi shi ne na ƙarshen zuwa, kuma ƙwarin ya biyo. Sarar ɗanyen itace mai lafiya wahala ce gare shi, ba kuma abinci a ciki. Wanda ya ga malamin asibiti a gidan marar lafiya ba zai ce shi ya kawo ciwon ba.

Gaskiya ne a Amurka akwai wani iri mai huda ɗanyen itace yana shan ruwansa. Amma ba irin na ƙasar Hausa ba ne. Na nan ƙwari suke nema.

Har ma manomi zai iya ƙaruwa da shi. In an ga maƙwaƙwafi ya nace wa reshe guda na itacen lambu, to, a je a duba. Mai yiwuwa tsutsa ta shiga. In an gano da wuri, sai a datse reshen a ƙone, sauran itacen ya tsira.

AURE DA GIDA DA HAIHUWA

Bugun itace iri biyu ne. Akwai na neman abinci, wanda ake ji ɗaya-ɗaya. Akwai kuma na saƙo, wanda ake ji da sauri a jere kamar kiɗan kalangu. Da wannan kiɗa, da kuma kuka mai ƙarfi, tsuntsun ke shaida wa sauran cewa wurin nan da mai shi. Da su kuma miji da mata ke kiran juna.

A ƙasashen Afirka ta Yamma, mai launin toka ya fi haihuwa da rani, daga hunturu zuwa bazara. Miji da mata sukan zaɓi busasshen reshe ko mataccen itace. A Kudu har kututturen kwakwar manja sukan huda. Sukan yi mako biyu ko fiye suna aiki. Ƙofar zagayayya ce, daidai jikinsu, don kada babban maƙiyi ya shiga. Ramin yakan ɗan shiga ciki, sa'an nan ya gangara ƙasa kamar zurfin turmi. Ba sa kawo ciyawa ko tsumma. Ɓarɓashin itacen da ya rage a ƙasa shi ne shimfiɗa.

Macen takan saka ƙwai 2 zuwa 4, farare fat. Tsuntsun da ke saka ƙwai a fili, kamar fakara, ƙwansa na da launin da zai saje da ƙasa. Na cikin kogo ba ya bukatar haka. Miji da mata ne ke yin kwanci, suna karɓar juna. Da dare kuwa yawanci namiji ne ke kwana a kan ƙwai. Cikin kamar mako biyu sai a ƙyanƙyashe.

'Ya'yan sukan fito tsirara, ido a rufe. Uwa da uba su yi ta jigilar ƙwari. Suna kuma kwashe kashin 'ya'yan su zubar waje, don ɗaki ya zauna da tsabta. Bayan mako uku zuwa huɗu sai 'ya'yan su fita. Ko sun fita, sukan bi iyayen na ɗan lokaci suna koyon sana'a.

Suna da maƙiya. Maciji yakan hau ya sha ƙwai. Shaho yakan kama babba. Akwai kuma tsuntsun nan mai nuna wa mutane inda zuma take. Shi ba ya yin gida. Macen takan faki ido ta saka ƙwanta a kogon wani tsuntsu, har da na maƙwaƙwafi. Ɗanta yakan fito da ƙugiya a baki, ya kashe 'ya'yan masu gida, a yi ta ciyar da shi shi kaɗai.

MASU GADON GIDA

Maƙwaƙwafi yakan sake sabon rami sau da yawa. Tsohon kuwa ba ya zama kango. Tsuntsaye da yawa na son kogo, amma ba su iya hudawa ba. Alhudahuda yakan shiga. Tsirya takan shiga. Ƙaramar mujiyar nan mai cin fara da ɓeraye takan shiga. Jemage ma yakan samu wurin kwana. In ramin ya ruɓe ya yi faɗi, har zuma kan tare a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A lura, yawancin waɗannan masu gado ƙwari da ɓeraye suke ci. Ashe duk wanda ya sare mataccen itace mai ramuka, ba gida ɗaya ya rushe ba. Unguwa guda ya tayar, kuma duk ma'aikatan gonarsa ne da ba ya biya.

ABIN DA KE RAGE SHI

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda itatuwa suka mutu a ƙasar nan. Bayan fari, sai gatari. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha, jama'a suka ƙaru, bukatar itacen girki da gawayi ta ƙaru. Busasshen itace shi ake fara ɗauka, domin shi ya fi saurin kamawa. Shi ne kuwa ɗakin maƙwaƙwafi da rumbunsa. Kirya da marke na tafiya wajen gawayi. Gawo na shan sara da rani saboda dabbobi. Maɗaci na shan sassaƙa saboda magani. Tsofaffin na faɗuwa, ƙananan ba a bari su girma.

An dasa darbejiya da yawa, kuma ta yi amfani. Tana ba da inuwa, tana tare iska, tana ba da itace. Amma baƙuwa ce, daga wajen Indiya asalinta yake, kuma ƙwari ba su cika son ganyenta ba. Wasu masana daga ƙasar Holan sun yi shekaru, bayan 2010, suna bin itatuwan Sahel ɗaya-ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Sun tarar tsuntsaye masu cin ƙwari sun fi taruwa a gawo da aduwa da sauran itatuwa masu ƙaya. A darbejiya kuwa kaɗan ne. Saboda haka darbejiya kaɗai ba za ta maye gurbin itatuwan gado ba.

Sai maganin feshi. In an yi feshi barkatai, ƙwari masu ɓarna da marasa ɓarna duk sukan mutu. Tsuntsu ya rasa abinci, ko ya ci mai guba. Sai wutar daji, wadda ke cin busasshen itace da abin da ke cikinsa. Sai danƙon yara, wanda kan kashe uwa a bar 'ya'ya su mutu da yunwa a kogo, alhali naman bai kai loma biyu ba.

Kada a ce tsuntsu ba ya ƙarewa. A Amurka an yi wani babban maƙwaƙwafi mai farin baki kamar hauren giwa. Tsawonsa ya kai santimita 50. A tsofaffin dazuzzuka yake zama. Masu katako suka sare dazuzzukan. Ganin ƙarshe da kowa ya yarda da shi, a 1944 aka yi, a jihar Luwiziyana. An yi ta nema shekara da shekaru. A 2021 hukumar kula da namun daji ta ƙasar ta kawo shawarar a sa shi cikin jerin waɗanda suka ƙare. Duk arzikin Amurka bai dawo da dajin da aka sare ba.

DARASI DAGA MARAƊI

Gyara kuwa mai yiwuwa ne, kuma ba sai an je nesa ba. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, a farkon shekarun 1980, gonaki sun zama fili fetal. Iska na binne shuka da rairayi. Daga 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, mai suna Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman wurin a kan wata dabara. Sun lura cewa kututturan da ke cikin gona ba su mutu ba, saiwarsu na da rai. Kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su. Sai aka ce a daina sharewa duka. A zaɓi reshe ɗaya ko biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Manoman suka sa wa abin suna sassabin zamani.

Ba a sayi iri ba, ba a yi ban-ruwa ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, har abin ya kai ƙasar Damagaram. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo, a fili kamar hekta miliyan 5. Manoman nan Hausawa ne, ƙasarsu kuma ta fi ta Dutse ƙarancin ruwa.

Akwai kuma shirin babbar ganuwar itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare hamada. Jigawa na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Amma itacen da ya fi rayuwa shi ne wanda mai gona ya tsare da kansa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. In a gona akwai mataccen itace ko busasshen reshe mai ramin tsuntsu, a bar ko da ɗaya. Sai fa in yana kan hanya ko kusa da ɗaki, inda zai iya faɗowa ya ji wa wani. Wannan a sare shi.

2. In sara ta zama dole, a duba tukuna. In ana ganin tsuntsu na shiga rami da abinci a baki, akwai 'ya'ya a ciki. A yi haƙuri wata guda su tashi.

3. Wajen sharar gona, a bar tohon gawo da aduwa da kanya da ɗorawa da tsamiya. Gawo ba ya cutar shuka, domin da damina yake zubar da ganye, ganyen kuma taki ne.

4. Makiyayi in zai saro wa dabbobi ganye, kada ya aske itace duka. Ya ɗebi wani gefe, ya bar wani. Ya yi sara mai kyau da kaifin gatari, kada ya yage ɓawo.

5. Mai ɗibar sassaƙe ya ɗiba ta gefe guda. In aka zagaye itace da sassaƙa, an yanke hanyar abincinsa, mutuwa zai yi.

6. Kada a sa wa daji wuta. Kada kuma a tara kara a gindin itace a ƙone.

7. Kafin a yi feshi a nemi shawarar malamin gona. A yi daidai awo, a daidai wurin da ɓarna take.

8. Iyaye mata su gwada murhu mai tsimin itace. Dami ɗaya zai daɗe, kuɗi ya ragu, daji ya huta.

9. Iyaye da malamai su ja kunnen yara kan harbin tsuntsaye. A nuna musu namiji da mace, a sa su ƙirga yatsun ƙafarsa daga nesa. Yaron da ya san tsuntsu ba ya saurin harbinsa.

10. Wanda zai sare babban itace ya nemi izinin ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukumarsa, ya kuma dasa wani a madadinsa.

Jama'a, gawon da aka bari bana, sai bayan shekaru masu yawa zai yi reshen da maƙwaƙwafi zai huda. Wataƙila wanda ya bar shi ba zai ga ranar ba, amma jikansa zai sha inuwa, dabbobinsa su ci 'ya'yan, gonarsa ta sami taki. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.